Ya Auna Uku, Ya Rubuta Ashirin da Ɗaya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, safiyo ne, wato mai awon ƙasa. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, ba a taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. In kuka gan shi da safe zai fita, riga a goge, fensir a maƙale a kunne, za ku ce ga mutumin kirki. Kuma da farko mutumin kirkin ne.

Bari a ɗan yi muku bayanin aikin, don sai an san aiki ake gane inda aka ci amanarsa.

Fili in mai kusurwa huɗu ne, ko ɗan firamare ya iya: tsawo sau faɗi, shi ke nan. To amma ƙasar Allah ba tabarma ba ce. Nan ta yi tumbi, can ta tsuke, can kuma rafi ya gutsire ta. Irin wannan fili, sai a ja miƙaƙƙen layi ta tsakiyarsa, a kafa turke duk bayan mita goma. Daga kowane turke a ja tef dama, a ja hagu, har baki. Kamar dai ana yanka burodi. Kowane yanki a lissafa shi daban, sannan a tattara. In kuma rami ne ake so a san yawan ƙasar da aka kwashe, ko yawan ruwan da zai ci, sai a ƙara da zurfi. A kowane layi a taɓo ƙasan ramin wuri biyar ko shida, a rubuta.

Abin da ke tsakanin turke da turke kuwa, ba wanda ya gani. Zato ne. Shi ya sa ake matso da turakun kusa da juna, don zaton ya ƙanƙance.

Haka mutumin nan ya yi shekaru yana aiki. Ya shiga ƙaya, ya shiga taɓo, rana ta dafa masa ƙeya. Littafin awonsa kullum ya sha laka, gefen takardun duk sun nannaɗe saboda gumi.

Sannu a hankali idonsa ya goge. Kafin a ja tef sai ya ce, “Sha bakwai da rabi.” A ja, a ga sha bakwai da rabi ɗin ne, ko kuwa da kyar aka kuskure da taƙi ɗaya. Abokan aiki su yi ta mamaki. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, su sai suka ce nasa idon kam mudun ne dungurungum. Suka laƙaba masa Ido-mudu. Yakan ce, “Kai, ku bari,” amma sunan yana yi masa daɗi.

Daga nan sai ya fara rubuta lamba tun kafin a ja tef, wai in an ja ya gyara. Ba a cika samun abin gyarawa ba. Sai wata rana ya ga wani lungu mai sarƙaƙiya, ya ce a tsallake, ya san abin da ke wurin. Aka tsallake. Ba abin da ya faru. Wani mako aka tsallake biyu. Ba abin da ya faru.

Ku lura da wannan, ya 'yan uwa. Ba abin da ya faru. Shaiɗan ba shi da lallami da ya wuce wannan. Da a ce ranar farko aka kama shi, ai da ya sha kunyar yini ɗaya ya huta.

Akwai wani dattijo da ke riƙe masa sandar awo, wata doguwar sanda mai lambobi. Ana ce masa Dogo. Ya girmi safiyon nesa ba kusa ba, amma Maigida yake ce masa, don shi ke da hatimi. Dogo bai yi boko ba, sai dai ya san yawan turakun da ya kafa da hannunsa, ya kuma san yawan waɗanda aka ja tef a kansu. Yakan ce, “Maigida, turakun nan fa sun fara zama na ado.” Maigida ya yi dariya, Dogo ma ya yi, a wuce.

Safiyon nan yana da yaya mace. Ita ta goya shi, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har ya yi furfura ba ta daina ce masa Auta ba. Gidanta yana wata unguwa a cikin kwari, inda duk damina ruwan tudu yake gangarowa ya cika tsakar gidaje. Mijinta tela ne a da, amma shekara shida ke nan ɓarin jikinsa ya shanye. Yana kwance a ɗakin da ke jikin katangar baya, rediyo a gefen matashinsa, tsohon keken ɗinkinsa a lulluɓe a ƙuryar ɗaki.

Duk farkon damina sai a ɗauke shi a kai shi gidan ɗansu da ke kan tudu. Maza huɗu ne suke kama bargo su hau da shi bene. Ciwo yake ji, kunya kuma ta fi ciwon. In an sauke shi sai ya yi kwana uku fuskarsa na kallon bango, ba ya magana da kowa.

To a shekarar da nake ba ku labari, hukuma ta sa an haƙa wani ƙaton rami a saman unguwar, aka yi masa madatsar ƙasa ta gefen gangare. Dabarar ita ce, in an yi ruwa mai yawa ramin ya riƙe shi, wani bututu ya riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan zuwa magudana. Injiniyoyi sun lissafa yawan ruwan da dole ramin ya ci. Mai kwangila ya ce ya gama. Amma ba a ɗaukar maganar mai kwangila a kan aikinsa, sai an tura wanda zai auna ya sa hannu. In ramin ya cika ƙa'ida, a sallami katafila. In bai cika ba, a ci gaba da haƙa, a kuma gaya wa mutanen kwari su yi ƙaura irin ta kowace shekara.

Wa za a tura in ba Ido-mudu ba?

Tsawon ramin mita ɗari biyu ne. Layi ashirin da ɗaya ke nan. Ga shi an riga an yi ruwan fari sau biyu, bututun kuma ba a buɗe shi ba tukuna, saboda haka ramin ya ɗauki ruwa, jajawur kamar shayi mai madara, ba a ganin komai a ƙasansa. Dogo ya haɗa durom huɗu da katako ya yi abin hawa. Ana ɗaure igiya daga turken wannan gaɓa zuwa na waccan, ya riƙa jan kansa a kai, yana sakin wata igiyar mai ƙarfe a baki har ta taɓa ƙasa, ya kira lamba, Maigida ya rubuta. Aikin kwana uku ne in an yi sauri.

Suka auna layin farko. Ya yi daidai da zanen injiniya. Suka zagaya suka auna na ƙarshe. Daidai. Suka auna na tsakiya. Daidai.

Rana ta take, safiyon bayansa na ciwo, ƙudaje sun dame shi. Ya tsaya a kan madatsar, ya sa hannu ya kare ido, ya dubi ruwan daga wannan kai zuwa wancan. Ya rufe littafi.

Dogo ya ɗago daga kan durom. “Maigida, saura sha takwas fa.”

“Haƙar inji ce, Dogo. Ƙasan nan kamar faranti yake. Fito kafin matsattsaku su shanye ɗan jinin da ya rage maka.”

“Ni dai ƙafata ba ta gaji ba.”

“Tawa ta gaji. Kwance igiya.”

Dogo ya kwance igiya.

Washegari safiyon ya zauna a ofis, fanka na juyawa, kofin shayi a gefe. Ya feƙe fensir. Ya cika layi goma sha takwas daga kansa, yana ɗan ƙara nan, yana ɗan rage can, don abin ya yi kama da gaskiya. Ya lissafa, lissafi ya ba da abin da ake so har da ɗan ƙari. A ƙasan takardar akwai inda aka rubuta cewa mai sa hannu ya auna da kansa. Ya sa hannu, ya hura wa hatimi iska, ya danna.

Ba wanda ya ba shi ko sisi, ya 'yan uwa. Kada ku ce sai da cin hanci ake yin shaidar zur. Ganda ma tana sa wa, yabo ma yana sa wa.

Aka ɗora katafila a kan babbar mota aka tafi da ita wani aikin.

A ƙarshen makon nan ya je gaida yayarsa. Ya tarar da ita a tsakar gida ta fito da jakunkuna, tana ninke kayan mijinta. Ta kawo masa ruwa, ta zauna a kan kujerar tsugunno, ta dube shi.

“Auta, an ce kai aka tura ramin can.”

“Ni ne, Yaya.”

“To gaya mini tsakaninka da Allah. In kira yaran nan su ɗauke shi, ko bana mu zauna?”

Daga ɗaki aka rage sautin rediyo. Mara lafiyan yana saurare.

A nan ne fa, ya 'yan uwa, a nan ne. Kalma uku kawai ake nema a bakinsa: ban gama ba. Amma ta yaya Ido-mudu zai ce bai gama ba, alhali hatimi ya riga ya bushe?

Ya ce, “Ku zauna, Yaya. Na auna shi ciki da bai.”

Mara lafiyan ya ɗaga murya, harshensa na harɗewa, “Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Bana ba mai naɗe ni a bargo kamar gawa.”

Suka yi dariya su uku. Ta mayar da kayan cikin akwati. Kafin magariba magana ta zagaya unguwa, cewa ƙanin matar tela da bakinsa ya ce a zauna. Gidaje da yawa suka fasa ƙaura.

Allah mai jinƙai ne, bai bar shi haka ba, sai da ya aiko masa da gargaɗi.

Bayan mako biyu an buɗe bututu, ruwan ramin ya ja baya sosai. Shi da Dogo suka biyo ta wurin za su wani aiki. Dogo ya ce a tsaya. Can a cikin ramin, tsakanin layin tsakiya da na ƙarshe, ga wani zalɓe a tsaye, yana kiwonsa hankali kwance. Ruwa iya gwiwarsa. Ya yi taku, ya ƙara taku, ya yi tafiya mai nisa, ruwan bai wuce gwiwar ba.

Dogo ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Maigida, a littafinka nawa ka rubuta a wurin can?”

Maigida ya kawar da kai.

“Don ni dai ban taɓa ganin zalɓe mai ƙafa mita biyu ba.”

Ba sai an gaya wa safiyo abin da ya gani ba. Falalen dutse ne a kwance a ƙarƙashin ruwan, mai faɗin gaske, wanda haƙoran katafila suka kasa, direba ya zagaye shi ya wuce. Idon nan nasa da ake yabo shi ya yi masa lissafin nan take: kusan kashi ɗaya cikin uku na ramin babu shi.

Dogo ya ce, “Durom ɗin suna nan. Gobe da sassafe mu dawo.”

In sun dawo fa? Sai ya rubuta sabuwar takarda. Sai a tambaye shi ina ya samo lambobin farko. Sai yaran ofis da ke miƙewa in ya shigo su ji. Sai ya koma tsakar gidan nan ya ce wa Yaya ta fito da jakunkuna.

Ya ce, “Injiniyoyi kullum suna ƙara wa lissafinsu rara. Ko da dutsen zai riƙe. In rani ya yi sai in san yadda zan gyara a hankali.”

“Allah ya kai mu ranin,” in ji Dogo. Bai ƙara yi masa wasa ba daga ranar.

Aka shiga damina sosai. Ruwa ya sake hawa, ya ɓoye alamar dutsen. Duk sanda hadari ya haɗu, safiyon sai ya tashi ya tsaya a tagar ofis. In an ɗauke, ya buga wa yayarsa waya, “Yaya, ya ruwa?” Ta ce, “Ruwa ya yi gyara, Auta. Tsakar gidana a bushe, Allah ya saka.” Sai ya ce a ransa, ka gani, ya riƙe. Matarsa ta lura ba ya cinye abinci, ta tambaya, ya ce zafin ciki ne.

Ya riƙe sau ɗaya, ya riƙe sau biyar, ya riƙe sau tara.

Wata Talata aka fara ruwa da hantsi. Ba iska, ba tsawa, zuba kawai. Azahar ta yi bai ɗauke ba. Wajen la'asar ramin ya cika ya batse, ruwa ya fara bi ta kan madatsar. Madatsar ƙasa kuwa in ruwa ya hau kanta, yanka ta yake kamar wuƙa. Cikin ɗan lokaci ta ɓalle, duk abin da aka tara ya gangaro lokaci guda.

A wasu shekaru ruwan yakan zo ne a hankali, mutane su gan shi a bakin ƙofa su tattara. Bana bai yi sallama ba.

Yayar tana kicin ta ji ƙara kamar ta tifa tana juye duwatsu. Ta ruga ɗaki, ta kama mijinta ta hammata, ta ja shi daga kan gado. Mace mai shekara sittin, namiji mai nauyi, ruwa ya kai cinya. Ya ce mata ta je ta kira maza. Ta fita tana kururuwa. Kafin ta dawo da maƙwabta biyu, katangar baya ta faɗo wa ɗakin.

Gida goma sha ɗaya suka rushe a ranar. Rai ɗaya aka rasa.

Safiyon yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Mutane suna ta ba shi haƙuri, suna cewa ai kai ka yi naka, ruwan bana ne ya fi ƙarfin lissafi. Yana amsawa da ka.

Hukuma ta kafa kwamiti. Shugabansa wani tsohon safiyo ne da ya yi ritaya, wanda shi ya koya wa safiyon namu riƙon tef. Ya ce a kawo littafin awo. Ya sa tabarau, ya buɗe shafi-shafi, bai ma fara duba lambobin ba. Shafi uku sun sha laka, da shatin yatsa, da tabon ɗigon ruwa. Sauran fes, ko ƙura babu. Sannan ya bi lambobin da ɗan yatsa, ya ga suna hawa suna sauka a natse kamar matakalar bene.

Ya cire tabarau, ya dubi safiyon. “Ɗana, shekara arba'in ina taka ƙasa, ban taɓa ganin ta yi ladabi haka ba.”

Aka kira Dogo. Dogo ya ce, “Uku muka auna, ranka ya daɗe. Na ƙirga. Zalɓen ma tare muka gan shi.” Da aka tambaye shi me ya hana shi magana, sai ya sunkuyar da kai yana hawaye, ya ce shi ma zai amsa tasa a gaban Allah.

Aka karɓe hatimi, aka soke lasisi, aka tura maganar kotu. Duk filin da ya taɓa aunawa aka ce sai an sake. Gonakin da aka raba wa magada shekara goma da suka wuce, 'yan uwa suna zaune lafiya, sai ga shi an tono su, kowa na zargin an tauye shi. Har ayyukansa na gaskiya, na zamanin da yake shiga ƙaya, ba wanda ya ƙara yarda da su.

Duk wannan bai kai masa zuwa gidan ɗan yayarsa nauyi ba. Ya hau benen nan, ya same ta a zaune a kan darduma, carbi a hannu. Labari ya riga shi isa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita.

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta ce, “Kwana ya ƙare, na sani. Ko a saman benen nan yake, in lokaci ya yi zai tafi. Ban yi jayayya da Allah ba.”

Ta ja carbi ɗaya, biyu.

“Amma jakunkunan suna tsakar gida, ka gan su da idonka. Da ka ce mini ba ka tabbatar ba, wallahi ko tambayar ka dalili ba zan yi ba. Yara zan kira kawai.”

Ta nuna masa ƙofa.

“Tashi ka je, Malam. Zan roƙi Allah ya ba ni ikon yafe maka. Yau dai ban samu ba tukuna.”

Tun yana cikin zanen goyo ba ta taɓa kiran sa Malam ba. Ya tashi ya sauko.

Ya 'yan uwa, me ya kai mutumin nan? Bai yi niyyar kashe kowa ba. Abin da bai gani ba ya ce ya gani, shi ke nan. Aka ba shi ƙofar tuba a tsakar gida, ya wuce. Aka sake buɗe masa a bakin rami, ya wuce. Kunyar mutane ta fi masa kunyar Allah girma, ƙarshe ya sha duka biyun.

Kada wani ya ce ai ni ba safiyo ba ne. Ke da ke aikin asibiti, kin gwada zafin jikin nan da kika rubuta, ko kallon fuska kika yi? Kai makanike, ka buɗe birkin nan da ka ce lafiyarsa lau? Malama, kin karanta takardun yaran nan, ko sunayensu kika duba kika ba da maki? Mu da ake tambaya halin wani don za a ba shi amana, mun sani ne, ko dai kunyar cewa ba mu sani ba muke ji? Kowa a cikinmu akwai wanda yake zaune a ƙasan maganarsa, ya kwance kayansa saboda ita.

Tauye ma'auni ba a kasuwa kawai yake ba. Wanda ya ce na duba alhali bai duba ba, ya tauye. In ba ka gama ba, ka ce ban gama ba. In ka riga ka yi kuskure, ka koma tun hadari bai haɗu ba. Zafin kunyar nan na yini ɗaya ne, kuma ba a taɓa binne kowa saboda ita ba.

Ya Allah, kada ka bar mu da yabon mutane. Ka sauƙaƙa wa harsunanmu faɗin abin da muka sani, ka ba mu ƙarfin yin shiru a kan abin da ba mu sani ba. Ka jiƙan wanda ya rasu, ka sanyaya zuciyar wadda aka bari, shi kuma mai laifin ka karɓi tubansa in ya tuba. Allah ya tsare mu da cin amanar waɗanda suka yarda da mu, ya kiyaye mu baki ɗaya. Amin.